Rufi Da Ƙafar Bango: Sharhi Kan Sabon Gini A Cake Da Kewayenta

Sharhinmu na yau kan gini ne, kuma ina roƙon mutanen Cake da Kanembakashe da Isawan da Sarkin Hausa, da na Urafan da Maijirgi can ɓangaren Tasawa, su matso kusa da rediyo, domin zancen ɗakin da suke kwana ciki ne za mu yi.

Duniyar magina ta cika da labarai a ƴan shekarun nan. A shekarar 2021, a gundumar Salima ta ƙasar Malawi, wani kamfani mai suna 14Trees ya tayar da bangon makaranta cikin awa 18. Ba magini ne ya aza bulo ba, wata na'ura ce mai bin umarnin kwamfuta take tsiyayar da kwaɓin siminti ta bakinta, layi bisa layi, har bango ya tashi. A shekarar 2021 ɗin dai, a Italiya, aka kammala wani gida da aka raɗa wa suna TECLA da irin wannan na'ura, sai dai shi ƙasar wurin aka haƙa aka kwaɓa aka zuba mata. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in ya ga hoton gidan nan, cewa zai yi rumbunan ƙasa ne guda biyu aka haɗa: ciki fankeke, sama a tsuke. Kuma yadda na'urar ke aza laka zobe bisa zobe, haka mai ginin rumbu ke yi tun kaka da kakanni, illa shi yakan dakata zobe ɗaya ya sha iska kafin ya ɗora wani.

Ba raina na'urar nake yi ba. Amma tana son lantarkin da ba ya yankewa, tana son gwanin da zai tashe ta in ta tsaya, kuma a Malawi bango kaɗai ta yi, rufi da ƙofofi da tagogi mutane ne suka sa da hannu. To, a Cake bango bai taɓa gagarar kowa ba. Abin da ke hana magidanci barci abu biyu ne: me zai rufa a sama, kuma yaya zai hana ruwa cin ƙafar bango.

Mu fara da sama. A tambayi duk wanda ya yi wa ɗansa ɗakin aure a bana, ina kuɗin suka tafi? Birgin laka, samarin gida ke buga shi a bakin tafki, sai ladan amalanke. Ginin bango, magini da yaransa, kwana kaɗan. Amma da an kai kan rufi sai a tafi kasuwa, kuma daga nan aljihu ke fara kuka. Dattawanmu ba haka suka yi ba. Su sukan jera azara ko gungumen goriba, su shimfiɗa sanduna da zana, su zuba laka su daɓe, su fitar da indararo. Ɗakin soro ke nan, mai sanyi da rana, mai ɗumi da hunturu. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi ai daga kaba ya samo suna, kuma wannan kwarin shi ya daɗe yana ba mutane igiya da tabarma da itacen rufi. Farin 1973 da na 1984, da yawan jama'a, da faɗaɗar gonaki, sun rage manyan itatuwan. Azarar giginya ta kirki yau daga nesa take zuwa, irin su yankin Gaya, kuma giginya ba ta ba da azara sai ta shekara gommai. Wanda ba shi da halin sayenta sai ya rufa da sandunan da ba su ƙosa ba, gara ta shiga, bayan damina uku ko huɗu rufi ya fara yin ciki.

Wani zai ce ai itatuwa sun dawo. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne ga jihar Maraɗi. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman yankin nan kan barin tohon kututture a gona, sassaben zamani ya bazu har aka ƙiyasta ya farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Amma gawo da kalgo da sabara taki suke bayarwa, da abincin dabbobi, da itacen girki. Ba azara ba ne. Kuma ba dabara ba ce mu shekara arba'in muna reno, sannan mu sare mu ɗora a kan ɗaki gara ta cinye.

Shi ya sa kwano ya ci kasuwa, kuma a yi masa adalci: ba shi da nauyi, kafinta na gama shi a wuni guda, gara ba ta cinsa, kuma yana sheƙi daga nesa, kowa ya san ɗan gidan nan da ya tafi Agadas ko Jado ko Kano ya aiko. Sai dai ku shiga ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Mai jego ba ta iya zama, jariri sai kuka, tsoho sai ya ja tabarma gindin bedi. Da dare bango da kwano suna ta amayar da zafi, kowa ya fito tsakar gida, sauro ya samu. Da hunturu kuma ɗakin ya koma ƙanƙara. Iskar farkon damina ta zo, sai ka ga an jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi don kada ta yaye shi, kuma duk da haka tana yayewa. Kwanon da talaka ke iya saya shi ne mai sirantaka, wanda tsatsa ba ta jira. Kuɗin kuma, daga na kwano har na katako har na ƙusa, ko dala ba ta kwana a garin.

Yanzu mu sauko ƙasa. Daminar 2024 ba wanda zai manta da ita. Alƙaluman hukuma sun nuna kusan mutum 400 sun rasu a faɗin Nijar, fiye da miliyan 1 da rabi abin ya shafa, kuma jiharmu ta Maraɗi na sahun gaba a asara. A ƙarshen watan Agusta ruwan da ya sauka a birnin Maraɗi cikin ɗan lokaci ya rusa gidaje ya ci rayuka. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, saboda azuzuwa sun cika da waɗanda suka rasa matsuguni. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Bayan wannan, hukunci ɗaya na yi ta ji a bakin mutane: laka ta ci amana, a koma siminti. Gwamnati ma ta rage farashin siminti a watan Oktoban 2024, kuma ba wanda zai ƙi sauƙi. Amma ni ban yarda laka ce mai laifi ita kaɗai ba. Ku je ku duba gidan da ya faɗi. Galibi ba daga sama ya narke ba, daga ƙasa aka sare shi. An aza birgi kan rairayi babu harsashi, ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, layin farko ya jiƙe ya zama kunu, nauyin sama ya danne shi. Ko kuwa indararo ya toshe da ciyawa da leda, ruwa ya taru a kan soro ya sami kafa. Ko kuma an yi gini a hanyar ruwa, inda tsofaffi suka sani sarai cewa in shekara ta yi ruwa nan yake bi, amma shekarun fari suka sa aka manta aka yanka filaye. Husumiyar masallacin Agadas laka ce, tsawonta mita 27, ta ga ɗaruruwan damina. Abin da ya riƙe ta kulawa ce da yaɓe a kan kari.

Akwai wata al'ada da ta shigo wadda nake so magina su yi mini uzuri in taɓa ta: shafa siminti a jikin bangon laka. Ido na ganin kyau, mai gida na ganin ya huta da yaɓe. Amma siminti da laka ba sa kama juna da gaske. Zafi ya buɗa, sanyi ya tsuke, sai tsaga ta fito kamar gashi, ruwa ya shiga bayan simintin ya rasa hanyar fita. Daga waje bango lafiya lau, daga ciki yana ruɓewa. Ranar da ɓawon zai faɗo, da naman bangon yake tafiya. Da ni ne mai buhu biyar na siminti, ba fuskar gida zan shafa ba. Harsashi zan zuba, in tayar da layi uku ko huɗu na farko da abin da ruwa ba ya narkarwa, har ya haura inda ruwa ke kwanciya, sannan in ci gaba da laka. A ƙasarmu ta jigawa, inda dutse ke da wuyar samu, nan ne siminti ke da aikin yi. Kuma shi kansa bulon siminti ba layar tsari ba ne. Wanda aka ja buhu guda aka cika shi da yashi don ya fitar da bulo fiye da kima, aka shanya a rana babu ban ruwa, da yatsa kana murtsuke shi.

To, ina sabuwar fasahar da ta dace da mu? Ta farko ta girmi yawancin masu sauraro, amma har yau baƙuwa ce a garuruwanmu: rufin ƙasa zalla, babu itace, babu kwano, babu rodi. Asalinta ƙasar Nuba ce, a kudancin Masar, kuma wani mai zanen gine-gine ɗan Masar, Hassan Fathy, shi ya fito da ita idon duniya da ginin ƙauyen Sabuwar Gurna a shekarun 1940. Nijar kuwa na cikin ƙasashen farko da suka gwada ta a yankin Sahel. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da ita a garin Cikal, yankin Filinge, daga baya aikin ya kai Iferwan a duwatsun Abzin, ya bazu zuwa Mali da Burkina Faso da Muritaniya, aka horar da ɗaruruwan magina. A shekara ta 2000 kuma, a garin Boromo na Burkina Faso, wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan ƙasar, Séri Youlou, suka kafa ƙungiyar La Voûte Nubienne, suka sauƙaƙa tsarin, kuma zuwa yau an gina dubban ɗakuna da shi.

Bari in kwatanta muku yadda ake yi, domin a nan daɗin yake. Ana tayar da bangaye biyu na gefe masu kauri, wajen santimita 60, tunda su za su tare turin rufi. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita 3 da kwata, tsawo kuwa sai yadda mai gida ya so. Bangon ƙarshe ana ɗaga shi ya fi sauran. Sai a ja waya guda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a tsakiyar ɗaki daidai, a ɗaure ta tam. A jikin wayar akwai zobe mai zamewa, a jikin zoben akwai igiya mai tsawon da aka auna. Wannan igiya ita ce injiniyan aikin. Magini na ɗaukar ƙaramin birgi, marar kauri, wanda aka buga da laka mai kyau, ya shafa masa kwaɓi, ya manna shi a jikin bangon ƙarshe a karkace, ya ja igiya ya taɓa bakinsa don ya tabbatar yana kan baka. Layin farko gajere ne, ya jingina da bango. Na biyu ya jingina da na farko, ya ɗan fi shi tsawo. A haka har layukan gefe biyu su haɗu a sama, baka ya rufe. Daga nan kowane baka yana kwanciya ne a kan wanda ya riga shi, shi ya sa ba a bukatar katakon tallafi a ƙasa. Mutum na tsaye yana kallon birgi a sama da kansa, babu abin da ya riƙe shi sai ɗankon laka da jinginar ɗan'uwansa, kuma bai faɗo ba. In an gama sai a cike kafaɗun rufin da laka, a shimfiɗa leda, a sake daɓe ta da ƙasa don rana kada ta ci ledar, a ba ruwa gangare zuwa indararo. Sama ta zama wurin shanya ko wurin kwana da bazara.

Kada wani ya ce ai bakan gizo ne, mun san shi. Ƴan'uwa ne, amma ba ɗaya ba ne. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da wanda Alhaji Falke Barmu ya yi a masallacin Yama ta jihar Tawa, wanda aka fara a 1962 har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, duka akwai itace a cikin cikinsu, laka ce ta lulluɓe shi. Wannan kuwa babu ko tsinke. Amma tarihin yana nuna abu guda: hannun maginin Bahaushe ya saba da lanƙwasa rufi. Ba daga sifili za a fara koya masa ba.

Tsoro fa? Akwai shi, kuma ba wauta ba ce. Uwar gida za ta leƙa ta ce, "Baba magini, wannan tulin ƙasa a kan ƴaƴana, ba zai rufto ba?" Amsar da ta fi gamsarwa ita ce, "Hajiya, bari a kira samarin unguwa su hau ki gani." Amma amsar gaskiya ta fi haka tsawo. Rufin ƙasa yana tsayawa in harsashi ya yi zurfi, bangon gefe ya yi kauri, ba a faɗaɗa ɗaki fiye da ƙa'ida ba, kuma ana hawa kowace shekara kafin ruwan fari a toshe tsaga. In wanda ya kalli aikin sau ɗaya ya ce ya iya, ya rage kaurin bango don ya rage birgi, to zai rufto, kuma ɗaki ɗaya da ya rufta ya isa ya kashe sunan fasahar a gunduma guda har shekara ashirin. Saboda haka ni ban goyi bayan a koya ta ta bidiyon waya ba. Sai an yi wata da watanni a ƙarƙashin gwani.

Fasaha ta biyu ita ce birgin matsi. Injinsa ba ya shan mai, ba ya son lantarki: akwatin ƙarfe ne da dogon hannu, wanda wani injiniya, Raúl Ramírez, ya ƙera irinsa na farko a Bogota ta ƙasar Kolombiya a shekarun 1950. Ana tankaɗe ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, abin da bai wuce kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ba, a yayyafa ruwa har ta yi damshi kawai, yadda in ka dunƙula a hannu za ta riƙe siffa ba tare da ta ɓata maka tafi ba. A cika akwati, a rufe, mutum ya danne hannun ƙarfen da ƙarfinsa, birgi ya fito da kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shanya shi a rana nan take. A'a. Lulluɓe shi ake yi da leda, a bar shi cikin damshi mako biyu zuwa huɗu, siminti ya kama.

Wanda ke son ya ga abin da wannan birgi ke iya yi, ya je Dandaji a jihar Tawa. A can ne Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum wajen 1,000 da birgin matsi, suka mayar da tsohon masallacin laka ɗakin karatu maimakon a rushe shi. An kammala a 2018, kuma aikin ya ci kyaututtuka a duniya. Kafin nan, a 2016, sun gina gidajen Niamey 2000 a Yamai, benaye na ƙasa, don a nuna wa ma'aikacin birni cewa laka ba alamar talauci ba ce. Turawa suna komawa ga ƙasa ne saboda hayaƙi, tunda sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar carbon da ke ɗumama duniya. Mu dalilinmu ya fi kusa: aljihu da zafin Afrilu.

A nan akwai wani abu da ya shafi ƙasar Mayahi musamman. An saba cewa ƙasarmu rairayi ce, ba ta gini. Ga birgin laka na gargajiya da ƙananan birgin rufi, haka ne, sai an nemo yumɓu a tafki ko fadama. Amma birgin matsi mai siminti ba ya son yumɓu da yawa, ya fi son ƙasa mai rinjayen yashi da ɗan yumɓun da zai riƙe ta. Wato abin da muke da shi a yalwace shi ne kaso mafi girma, abin da za a ɗauko da amalanke kaɗan ne. Gane haɗin ba ya bukatar ɗakin bincike a matakin farko. A sami kwalba mai haske, a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan da nan, ƙasa mai laushi ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana kafin ya sauka. Da safe layukan na nan a jere, kana auna su da tsinke. Sannan a murza kwaɓi ya yi tsawo kamar igiya, a tura shi a hankali ta bakin tebur: in ya karye da wuri yashi ya yi yawa, in ya yi ta reto bai karye ba yumɓu ya yi yawa. Ga babban gini kuwa, ai muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, inda ake koyar da injiniyancin gine-gine. Me zai hana ɗalibanta su zo su ɗebi ƙasar kowane tafki a ƙaramar hukumar Cake, su gwada, su rubuta wa magina sakamako da Hausa?

Ba zan ɓoye muku wahalhalun ba. Ginin ƙasa na shan ruwa, kuma a garin da mata ke kwana a bakin rijiya, buga birgi dubu a watan Maris zalunci ne. Lokacinsa bayan girbi ne, sa'ad da tafkuna ke da sauran ruwa, kuma wannan shi ne lokacin da samari ke ɗaure kaya su tafi ci-rani. Sai dai in akwai aikin da zai biya su a gida, wasu za su tsaya. Ramukan da ake haƙa ma abin dubawa ne: kududdufin da ke cikin gari yana tara sauro, yana cin yara da damina, yana zaizaye gindin gidajen da ke bakinsa. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su ne za su ware wurin haƙa a bayan gari. Injin matsi kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai ƙungiya ta saya ta riƙa ba da haya, kamar yadda ake yi da injin niƙa. Kuma birgin matsi ba kyauta ba ne, ya fi na laka tsada nesa ba kusa ba. Wurinsa ƙafar bango ne da gine-ginen jama'a.

Gine-ginen jama'a kuwa, babu wanda ya kai aji gaggawa. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. A ranar 8 ga Nuwamban 2021, a cikin birnin Maraɗi, irin wannan gobara ta ci yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar da shida. A lokacin hukumomi sun ce akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar. In za a jira siminti da rodi da kwano su maye gurbinsu duka, yaran da ke aji ɗaya yau sai sun yi jikoki.

Faɗin rufin baka na mita 3 da kwata bai isa aji ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai mafita biyu da aka riga aka gwada. Ko dai a jera rufin baka biyu ko uku a kan ginshiƙai da gadar kankare, a sami zaure mai faɗi. Ko kuwa a bi hanyar Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine. Makarantar da ya gina wa ƙauyensu a 2001 bangonta birgin ƙasa ne, silinta ma na ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafuna, ya bar sarari tsakani, ya fitar da bakin kwanon nesa da bango. Rana na dukan kwano, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa tana kwashe zafin, ruwan sama kuma ba ya taɓa bango. Bai kori kwano ba, ya dai raba shi da kan yara. Wannan dabara ko mai ɗaki ɗaya zai iya ɗaukar rabinta: ya fitar da bakin kwano ya zarce bango da kamu biyu, ya bar kafofin iska a sama, ya sa silin ko da na zana ne.

Me ya hana, tunda ga misalai har a cikin gida? A ganina takardar kwangila ce. In takarda ta ce bulon siminti da kwano, ɗan kwangila ba shi da ikon kawo wani abu, ko ya fi kyau ko ya fi araha. In ma'aikacin da zai karɓi aiki bai taɓa koyon yadda ake duba ginin ƙasa ba, ba zai sa hannu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sannan cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi suna yaye masu ɗinki da masu walda da masu gyaran babur, amma magini har yau a bayan ubangidansa yake koyo, ba takarda, ba mai kiransa in an zo rabon babban aiki. Falke Barmu manomi ne kuma magini na ƙauye, duniya ta zo har gida ta karrama shi. Nawa ne irinsa tsakanin Cake da Korgom waɗanda ba a taɓa tambayarsu ra'ayi ba?

Waya da tauraron ɗan'adam ma suna da ɗan abin da za su ƙara. Tun 2021 kamfanin Google ya fitar da taswirar gine-gine sama da miliyan 500 na Afirka, wadda kwamfuta ta zana daga hotunan sama, kuma kowa na iya dubawa kyauta. Ma'aikacin ƙaramar hukuma mai waya zai iya ɗora ta a kan abin da dattawa suka sani na hanyoyin ruwa, a ga gidajen da ke cikin haɗari kafin hadari ya haɗu, a kuma daina yanka fili a kwari.

Shawarata ga hukumomin Cake da takwarorinsu ƙarama ce, ba ta bukatar jiran wani mai ba da tallafi daga waje. A rani mai zuwa a ɗauko gwani ɗaya da ya iya rufin ƙasa, a haɗa shi da magina huɗu ko biyar na gari, su gina ɗaki guda a wurin da kowa ke wucewa, misali ma'ajin bankin hatsi a bakin kasuwa. A fara buga birgi tun watan Nuwamba, kafin tafki ya ƙafe. A rubuta kowace dala da aka kashe, a manna a ƙofa. In Afrilu ya zo a rataya ma'aunin zafi ɗaya a cikinsa, ɗaya a ɗakin kwanon da ke kusa, a riƙa karantawa da azahar da kuma bayan isha'i. In damina ta wuce a kira jama'a su duba bango da rufi da idonsu. Ku aiko mana da alƙaluman, za mu karanta su a wannan fili yadda suka zo, ko sun goyi bayan maganata ko sun ƙaryata ta.